Igiyar Baya

Shekara goma sha ɗaya ina kafa rumfa,
biki a Rayfil, suna a Unguwar Rogo, zaman makoki a Bukuru,
ban taɓa tambayar abin da ya kafa ni ba.

Laraba ce. Ruwan Jos ya sauko ba sallama,
ƙarfe ya yi santsi, tsani ya ce ba da shi ba.
Na zo ƙasa da baya, kan bakin kwalbati.
Ƙarar ba ta kai ta kawo ba,
kamar an karya kara a gidan maƙwabta.

Yarana suka rugo, wani hannu, wani ƙafa.
Wata mai gasa masara ta daka musu tsawa:
"Kada wanda ya naɗe shi! Ku ciro ƙyaure!"
A kan ƙofar shagon tela na shiga Lamingo.
Har yau ban san sunanta ba.

Dakta Nanbol ya ɗaga hoton ga hasken taga.
"Ga tubalan gaba, su ke ɗaukar kaya, lafiyarsu lau.
Taka ɓarnar tana baya:
rufin da ke kāre laka ya tsage,
ƙaya biyu sun karye,
jijiyar da ke ɗaure wannan da wancan ta tsinke."
Ya nemi yadda zai ƙara fahimtar da ni.
Na ce, bar shi, likita.
Turke a tsaye, igiya a yanke,
na san abin da iska ke yi wa irin wannan rumfa.

Mutum huɗu ke juya ni, kamar gungume.
Sista Kangyang ce ke ƙirga, ɗaya, biyu,
kai da ƙugu su tafi tare, kada wani ya riga wani.
Ni da nake saɓa ƙarfe shida a kafaɗa
ina roƙon a miƙo mini kofi.

Kowace asuba, kafin shayi, kafin komai,
na aika saƙo can ƙasa, ga babban yatsa.
Ya amsa.
Kaɗan dai, kamar gaisuwar mai fushi.
Amma ya amsa.

Kusoshi huɗu suka sa, da sanda biyu.
Hajara ta sayar da injin markaɗe, ba ta faɗa mini ba,
shirun tsakar gida ne ya faɗa.

Yanzu ina zaune cikin sulken roba, wata na uku,
kan farar kujera irin wadda nake ba da haya.
Sallau ya hau, shi ke kafawa.
Jama'a na yaba labule da fitilu a gaba.
Ni kuwa na lallaba da sanda, na zaga ta baya
inda ba mai ɗaukar hoto,
na sa yatsa a igiya, na ja.
Sallau, sauko.
Wannan ƙullin bai yi ba.