Teku a Janairu

Ƙarfe tara ta gota, gari bai waye ba.
Haka Hailuoto take a Janairu:
rana ta leƙo kamar mai bin bashi
da kunya ta hana shiga zaure,
ta juya.

Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku
daidai inda ruwa ya jiƙa mini wando a watan Yuli.
Yau wurin ya ɗauki nauyina,
ya ɗauki na jakata,
can gabas har mota yake ɗauka.

Batir na ƙarƙashin hammatata,
ina yi masa kwanci kamar kaza.
Sanyin nan ba ya cizo,
lasa yake yi, yatsa bayan yatsa,
sai ka nemi hannunka ka ji kamar na aro.

Ga abin da ya fito da ni:
igiyar ruwa ta taso za ta faɗi,
aka ce da ita tsaya,
ta tsaya da bakinta buɗe wata biyu.
Kwalekwale a kife, da gemun ƙanƙara.
Dutse ɗaya sanye da farar hula.
Shuɗi kuma, wani irin shuɗi
wanda ba ya kai minti goma a duniya.

Na sunkuya in saita, na manta na yi numfashi.
Hucina ya hau gilashin, ya daskare.
Wanda ya ɓata hoton shi ne mai ɗaukarsa.

Ƙarƙashin takalmina teku ta yi nishi,
dogon nishi, kamar ƙofar gidan da aka daɗe da rufewa.
Wannan nake so in kai gida.
Ba a ƙera maɓallinsa ba.

Urpo ya iso yana jan kayansa da igiya,
gashin bakinsa fari da raɓar da ta ƙage.
Shekara hamsin yana huda rami a nan,
yana zura koma inda ido ba ya zuwa.
Ya dubi inda kyamarata ke duba,
ya daɗe.
“Me ke can?”
Na ce haske.
Ya ce, “To. Ni nawa yana ƙasa.”

Sai ga ta, jan garwashi a gefen duniya,
ƙanƙara duka ta kama kamar an zuba mata manja.
Na danna.
Batir ya mutu a hannuna.
Na tsaya da ido biyu kawai,
irin na kowa.

Urpo ya jawo kifi bakwai.
Na farko ya lanƙwasa sau ɗaya a kan dusar ƙanƙara,
ya sandare a haka,
kamar harafin da ba a gama rubutawa ba.
Ya tsiyaya mini gahawa a murfin fulas,
bai ce sannu ba,
mutanen tsibirin nan a aikace suke faɗinta.

Hoto ɗaya ya tsira, na kafin fitowar rana,
fari a sama, fari a ƙasa, zare guda a tsakani.
Na wanke shi, na kai Oulu,
ɗaki na sha huɗu, inda uwata Helvi ke zaune bakin taga.
Ita ta ce in kawo mata teku.
Sunana ya kuɓuce mata tun bara,
na tekun bai kuɓuce ba.

Ta riƙe shi kusa da hanci, ta nisanta shi,
ta shafa da tafin hannu, ta sake shafawa
kamar mai gyara shimfiɗa.

“Wa ya bar zanen gado a waje?” ta ce.
“Je ki kwaso shanyar nan, yarinya,
kafin ta ƙage.
Kuma kada ki ninke,
karyewa zai yi.”