Siga ta Uku

Ƙarfe biyun dare a kan tudun Valparaíso.
Jiragen dakon kaya sun yi likimo a tasha,
ni da shayin da ya huce
muna gadin wata 'yar ƙofa da ba a san da ita ba.
Aikinta ɗaya ne, ta tsaya a buɗe
tsakanin wayarka da wata na'ura can nesa,
don in ka ce "na iso" a ji kafin ka rufe baki.

Biyu, ɗigo ɗaya.
Nan muka koya mata haƙuri.
A da, in jirgin ƙasa ya shiga rami, layi ya tsinke,
sai ta hau ƙwanƙwasa ba numfashi,
ita da 'yan uwanta dubu, har sabar ta durƙushe.
Yanzu takan jira daƙiƙa ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu,
kamar baƙon da ya san mutuncin gida:
ya yi sallama, ya ja da baya, ya saurara.

Biyu, ɗigo huɗu.
Evaristo ne ya sa mata bugun zuciya.
Duk daƙiƙa ashirin da biyar sai ta ce, "Kana nan?"
Daga can a ce, "Ina nan."
Shi ke nan, ba labari, ba cigiya.
Ya ce ai zumunci ma yawanci iyakarsa ke nan.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Ban san hunturun ƙarshe ba ne
da zai hawo matakalar gidana yana haki.

Biyu, ɗigo huɗu, ɗigo uku.
Wasiƙa daga tsibirin Chiloé,
daga wata Herminia Cárcamo mai lissafin kwale-kwalen masunta:
saƙo ɗaya yana zuwa sau biyu.
"Mun dawo lafiya." "Mun dawo lafiya."
Ta rubuta biyu a littafi, ta kashe fitila,
alhali ɗayan yana can tsakiyar ruwa, inji ya mutu.
Da asuba aka tsinto su, da ransu, haƙora na kaɗawa.
Layi huɗu kacal na gyara.
Kwana uku ban runtsa ba.
Tun ranar kowane saƙo da lamba a goshinsa,
in ya sake zuwa a ce masa, ai mun gaisa ɗazu.

Uku, ɗigo sifili.
Ga ni yau.
Akwai wata tsohuwar hanya da Evaristo ya gina
don na'urorin da ba su iya riƙe ƙofa a buɗe,
sai dai su leƙo, su koma, su sake leƙowa.
A samanta ya bar rubutu:
"Na wucin gadi ne, a cire nan gaba."
Shekara shida ke nan.
Tun bara nake shela cewa za a rushe,
wasu suka kwashe kayansu, wasu ko gezau.
Na zaɓi layi ɗari biyu da tara,
yatsana ya tsaya a kan maɓalli
tsawon bugu ɗaya, bugu biyu,
sannan na danna.

Gwaje-gwaje suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, duk kore.
Kore bai san zaman makoki ba.

A takardar canje-canje na rubuta:
"An cire tsohuwar hanyar leƙe.
Mai bukatarta ya zauna a siga ta biyu."
Ban rubuta yadda yake cizon fensir ba,
ko yadda yake kiran kuskure "baƙonmu".
Masu saukewa gobe a Lisbon da Osaka
lamba za su duba, su wuce.

Bugun zuciyar dai ban taɓa shi ba.
Gari ya fara haske, karnukan tudu sun tashi,
kuma a aljihun rigar Herminia
wani abu yana tambaya a hankali,
wani abu yana amsawa.