Ranar Tantancewa

Yau ma mun zo mu nuna wa gwamnati muna da rai.
Tun asuba na baro Gwammaja.
Ɗan adaidaita ya ce, "A hankali Baba, kar ka karye."
Na ce, "Ja mu je, ƙashin nan ya ga ramukan da suka fi na titinka."

Ilu na bayana a layi, fayil a hammata.
Sa'ana ne, tare muka riƙe alli a Shahuci,
amma tun ranar da wanzami ya nuna masa furfura
ya yanke wa kansa hukunci.
"Barau, mun zama kayan ɗaki.
Yanzu ko tsohuwar zuma ba mai neman ta."
Ya sayar da kekensa, ya bar majalisa,
shayi ma sai ya ce ba ɗanɗano,
alhali likita ya duba, harshe lafiya lau.

Ban ga laifinsa duka ba.
Na tuna mu biyu, samari, a Ƙofar Wambai,
muna kwaikwayon tafiyar wani dattijo mai goro
har muna riƙe ciki.
Ashe dariyar nan ba ta mutu ba.
Shekara hamsin tana jiran mu a zaure.
Shi ya shimfiɗa mata tabarma, ta zauna.
Ni ma takan yi mini sallama, galibi da dare,
in gwiwa ta hana ni sujada yadda nake so.
Sai in ce maigidan ba ya nan.

Ina da zogale a tsohon bokiti.
Ina da jika mai kawo mini lissafi
don ta kama ni da kuskure, ba ta taɓa dacewa ba.
Jiya na ci gurasa da haƙora bakwai,
kowanne ya yi aikinsa.

Da layi ya zo kaina, na'ura ta ƙi yatsana,
alli ya cinye zanen tuntuni.
Ilu ya ce, "Ka gani? Ko inji ya san mun ƙare."
Yarinyar ta ce in goga a goshi.
Na goga, na danna, ta yi kore.

A bakin ƙofa na saya mana fura.
Ya kurɓa, ya ce ba ɗanɗano.
Ya sake kurɓa.
Ban ce komai ba, sai da na ji ludayi
yana kankare gindin ƙwarya.