Awon Kafaɗa

Ni tela ne a Aboabo, shekara talatin a kan keke.
Ni ke ɗinka wa mazan ƙungiyar cocin Katolika
baƙaƙen kwat, da jar ɗamara mai ratsa ƙirji.
Ban taɓa shiga cocinsu ba.
Faɗin kafaɗar kowannensu dai, na sani.

Da, kallon masu son ado nake musu:
takobin da bai taɓa yanka ko albasa ba,
tafiya a jere bayan Fada, ganga na tashi,
gumi na ɓata gugar da na kwana ina yi.

Sai Dery ya faɗo daga saman gini a Bantama.
Birkila ne, daga can wajen Nandom,
awonsa arba'in da biyu, yana cikin littafina
tare da sidi sittin da bai cika ba.

Ranar ban ga takobi ba.
Na ga Agyapong mai shagon fenti da silifa a ƙafa
yana ƙirga kuɗi a ƙofar ɗakin ajiyar gawa,
na ga Atinga direba ya cire kujerun motarsa
don akwati ya samu wurin kwanciya har arewa.

Makoki ya watse, su ba su watse ba.
Duk ƙarshen wata, shinkafa da manja a ƙofar Perpetua,
kuɗin makarantar yara uku,
kwano biyu a kan rufi kafin damina,
don ruwan Kumasi ba ya sallama.
Shekarar da kwata ta cika ta shigo mana ɗaki,
katifar da tsohuwata ta kwana a kai, su suka kawo.
Ba wanda ya tambaye ta ina take fuskanta in za ta yi salla.

Jiya Perpetua ta zo da kwat ɗin a leda.
Cletus ya girma, za a karɓe shi ran Lahadi,
a rage hannu, a matse kugu.
Na sa hannu a aljihu, sai ga takarda ta yi laushi:
sunayen majinyata huɗu, da lambar gadonsu,
da rubutun birkila a ƙasa: Alhamis.

Na buɗe littafi, na ja layi a kan sittin ɗin nan.
Na auna yaron.
Kafaɗar ba ta bukatar gyara.