Na Biya a Nuna Mini Garinmu

Dubu biyar na biya
a zaga da ni garin da aka binne cibiyata.
Mu bakwai ne: Turawa biyu, 'yan Legas huɗu,
sai ni, na ɓuya a bayan baƙin tabarau
kamar wanda ake bi bashi a kasuwa.

Jagorarmu Kachollom, rigar sanyi ja,
'yar tuta a hannu.
Ba a haife ta ba ranar da na bar Jos.
Ta ce, "Ku riƙe jakunkunanku da kyau.
Wanda ya ɓata ya tsaya inda yake, zan dawo."
Na ce a raina: shekara ashirin da 'yan kai da ɓatana,
har yau ina jiran mai dawowa.

Farin Gada da sassafe.
Kabeji tsibi-tsibi, raɓa ba ta bushe a kansa ba,
karas da jar ƙasar gona a jikinsa,
dankali na zubowa daga bakin buhu,
ɗan dako na ihu, "Hanya! A ba ni hanya!"
Baturiya ta ɗauki hoton attaruhu sau tara.
Mai shi ya ce, "Hajiya, hoto ba ya miya,
ba ya kuma maganin yunwa."

Aka jera mu a kan benci.
Gwaten acca da gauta da yakuwa, tururi na tashi.
Ɗan Legas ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ƙara.
Kachollom na ta bayani,
ni ban ji ko kalma ɗaya ba,
harshena ya riga ni isa gida.
Ashe shi ba ya mantuwa.

A Taminus ta tsaya, ta ɗaga tutar.
"Nan babbar kasuwa take kafin gobara."
Minti ɗaya ta gama labarin.
Ba laifinta ba ne.
Ina za ta san rumfa ta uku daga matakala,
inda Inna ke yanka atamfa da almakashi mai ɗaurin zare,
ni ina ƙarƙashin tebur ina haddar lissafi?
Wani ya tambayi inda ake sayen katin waya.
Na goge tabarau, na ce hayaƙin mota ne.
Akwai abin da bai gama ƙonewa ba,
yana cikina yana ƙonewa.

Muka ratsa 'yan gwanjo, muka ratsa masu awara,
mai tsire na fifita garwashi da guntun kwali,
ƙamshin yaji ya sa mu atishawa a tare,
muka yi dariyar da ba ta buƙatar fassarawa.

Sai lungun nan.
Tsohuwa zaune gaban tanda,
tana juya masa da cokalin da ya cinye rabi.
Kowa ya karɓi fara mai laushi.
Ni bakina ya suɓuce:
"Iya, ba ni ta gefe, wadda ta ɗan babbake."
Cokali ya tsaya.
Ta dube ni daga takalmi har hula.
"Mutum ɗaya na sani mai son ƙonanniyar masa.
Sallau ɗan Kubura mai atamfa,
cire gilashin nan in gan ka!
Masa uku nake bin ka tun kana ɗan firamare,
ka zaci bashin Hansai yana ruɓewa?"

Na zauna a ƙasa, ban nemi tabarma ba.
Ta zuba mini miyar taushe, ta tambayi Inna.
Na faɗa mata.
Ta yi shiru, ta ƙara mai a tanda,
masa ɗaya ta ƙone ba mai kulawa.

Can a bakin titi Kachollom ta ƙirga shida.
Na hango jar riga tana kutsowa cikin mutane,
tuta a sama, tana haki.
"Baba, ka ɓata ne?"
Na matsa mata a gefen dakali.
"A'a 'yata, tsinta ta aka yi.
Zauna ki ci ta gefe kafin ta huce,
sauran su ɗan jira, ba sa ƙagawa."