Kunkunniya

A Lagdo gidanmu yana kan tudu,
taku arba'in daga bakin ruwa.
A da Inna Tabawa kan hau shi da daron karfasa a ka,
tana waiwaye tana taya wa masunta kifin gobe.
Yanzu sau uku take tsayawa,
hannu bisa gwiwa,
ƙirji na kuka kamar zugazugin da ya huje.

Likitan Garwa ya ɗaga hoton ƙirjinta wajen taga.
Ya ce, "Kara nawa take sha a wuni?"
Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Inna? Ko goro sai ran suna.

Ya ce, "To, me take shaƙa?"

Nan na ga ɗakin banda a idona:
ƙofa guda, babu taga,
ɗanyen icce don kifi ya yi ja,
in ruwa ya jiƙa ƙirare a tada wutar da leda.
Shekara talatin da huɗu.
Jinkar ɗakin ta yi baƙi har tana ɗiga,
duk damina mukan kankare bango,
ba wanda ya tambayi inda sauran hayaƙin ke kwana.

Na tuna Baba Garga,
da yake dawowa daga injin gurzar auduga
gira fari, hanci fari,
ya zauna ya kunna sigari wai don ya wanke maƙogwaro,
mu bakwai a ɗaki muna taya shi sha
ba tare da mun sayi ko kara ɗaya ba.
Da tari ya kai shi ƙasa aka ce sanyin kogi ne.
Wasu suka ce sammu.

Likita ya dube ni. "Ke fa, a ina kika yi wayo?"
A bayanta.
A goye, kaina daidai bakin murhu.

Ya ce abin da ya ƙone ba ya dawowa,
saura ake tsarewa.

Ran Laraba na ari gatari na fasa bango,
na fito da murhu gindin darbejiya,
na hana 'yata Barmani wajen.
Inna na tabarma tana kallona.
Ta tara numfashi, ta tara,
kamar mai haɗa kuɗin adashi,
sannan ta ce,
"Busasshen icce... ba ya ba kifi launi.
Za ki kore mini... masu saye."