Takardar Tsire

Cindo ya naɗe mini tsire na dala ɗari
cikin takarda mai rubutun Faransanci.
Na zauna bakin tasha na cinye nama,
na lashe yaji, sannan na duba takardar.
Maiƙo ya shanye rabin layi,
amma sunan ƙasar ya tsira: Irlanda.

Na koma na ce, Cindo, ina sauran?
Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur,
littafi uku na wani Bature
da ya gama aikin rijiyoyi ya tafi.
Na tarihin ya riga ya rasa shafi arba'in,
sarakunansu na farko duk sun bi tsire
sun watsu cikin garin Tawa.
Na ba shi jaka ɗaya
da tsoffin takardun jarrabawar ɗalibaina.
Ya ce, Mushe, takarda ai takarda ce.

Da dare na buɗe, fitila a gefen tabarma.
Tsibiri ne, kore shar rani da damina,
ruwan sama har suna yi masa tsaki.
Ladiyo ta ce, rufe wannan ƙarya,
wa ya taɓa yi wa girgije tsaki?
Sai na iso shekarun da dankali ya ruɓe a ƙasa,
mutane na faɗuwa a bakin hanya,
jiragen ruwa na fita da hatsi.
Nan ta aje faifan wake.
Uwarta ta taɓa tona gidan tururuwa neman tsaba.
Ƙannenta biyu sun hau mota zuwa Abijan,
ɗaya ne ke aiko da gaisuwa.
Su teku ta kwashe musu ƴaƴa,
mu kwalta.

Na tatsuniyar jikata Aljuma ta riƙe.
Wai akwai mutanen ɓoye ƙarƙashin tuddai,
ana aje musu madara a ƙofa,
ba a sare itacen da suka zaɓa.
Ta ce, Kaka, ai na tsamiyar bayan gidanmu ne,
wa ya biya musu kuɗin jirgi?
Wani ya kwana uku a wurinsu,
ya fito, shekara ɗari ta wuce,
babu mai amsa masa sallama.
Ban gaya mata ba,
haka Tankari ya dawo daga Libiya
yana tambayar yara gidan ubansa.

Na ban dariyar ya fi ba ni wuya.
Suna zagin talaucinsu kafin wani ya riga su.
Dariyar ta taso da nisa,
ta ratsa Ingilishi, ta kwana a Faransanci,
kafin ta iso Adar rabinta ya mutu.
Abin da ya rage na kai wa Cindo da Hausa:
wani tsoho ya bar wasiyya a binne shi da laima,
bai yarda can ma ba a ruwa ba.
Cindo ya riƙe ciki, wuƙa ta faɗi.
Ya ce, mu kuwa sai dai da mafici.
Liman na wucewa ya ce, subhanallahi,
ya sha kwana, kafaɗunsa na rawa.

Akwai shafin da ban karanta wa kowa ba.
Yaransu ma an duke su a lakwal
don sun yi magana da harshen nono.
Na rufe littafin.
Shekara goma sha ɗaya ina rataya wa yara ƙashi a wuya
don sun ce mini ina kwana.
Cindo na cikinsu.
Bai taɓa tuna mini ba, har gyara yake yi mini.

Yanzu duk wanda na gani da ƙunshin tsire
sai na ce, ɗan'uwa, ci a hankali,
in ka gama ba ni takardar.
Na samo shafi shida.
Wani sarki na nan ya ɗaga takobi,
sauran labarinsa akuya ta cinye.